Masu gwanjo don Allah ku ba ni shawara kan wannan doka ta Turai

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni ina saida gwanjo ne a Birnin Kebbi, kayan yara da na mata. Ƙanena ya ce min wai Tarayyar Turai ta amince da doka a 2025 cewa kamfanonin da ke ƙera tufafi su za su riƙa biyan kuɗin tattarawa da sarrafa su idan sun tsufa. To ni damuwata dila ce, yanzu ma in na fasa sai in tarar da tsummokara tuli waɗanda ko kyauta ba mai ɗauka. Shin in ci bashi in sayi kaya in ajiye kafin su ƙara tsada ko mi za ni yi?

Wani dillali daga Kamba:
Hajiya kar ki ci bashi don wannan. An ba ƙasashen nasu wata 30 su kafa tsarin, ba gobe ba ne. Abin da ke ɗaga mana dila canjin sefa ne da wahalar hanya daga Kwatano, kin san ai a hukumance gwanjo yana cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya.

Malama daga Argungu:
Gaskiya ne yaya. Kuma dokar ta ce sai an tantance kaya kafin a fitar, kar a cusa shara a kira ta gwanjo, to in sun bi da gaske tsumman zai ragu ko da kuɗin ya ɗan hau. Amma abin da ke ci min rai, Faransa tun 2007 take da irin dokar nan, kuɗin can ake karɓa can yake zama, mu kuma da sharar ke ƙarewa a kwatocinmu ba ruwan kowa da mu. Ku duba kasuwar Kantamanto a Gana yadda tsumma ya cika bakin teku, wallahi abin tausayi.

Wani tela daga Jega:
Hajiya tsumman nan kuɗi ne fa. Ki ware na auduga, kanikawa na saye su goge hannu, sauran masu cusa matashi su ɗauka. Kar dai ki ƙona na roba a cikin gida, hayaƙinsa na cutar da ƙirjin yara.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. Malam tela a buhu suke saye ko a kilo?