Dan Allah ku ban shawara a kan tsohuwar magena

Salam jama'a, wallahi kaina ya kulle. Magena shekararta 17, tun tana 'yar mitsitsiya take hannuna. Bara likitan dabbobi ya auna jininta ya ce ciwon ƙoda ne, yanzu kuma ya ce ta kai mataki na 4, wato na ƙarshe, kuma ƙoda in ta lalace haka ba ta dawowa, sai dai a rage mata wahala kawai.

Ina mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida, ga maganin amai, amma duk da haka ta rame sai ƙashi, ruwa take ta sha tana fitsari ba ƙaƙƙautawa, abinci sai ta shinshina ta kau da kai, ta daina lasar jikinta gashin duk ya cukurkuɗe, ita da da ba ta yarda da datti ko kaɗan. Likita ya kawo maganar allurar da za ta sa ta barci, daga nan numfashi da zuciya su tsaya ba tare da ta ji zafi ba. Na kasa cewa e.

Ya ce in riƙa sa alama a kalanda, ranar daɗi da ranar wuya. Makon nan biyu ne kawai na daɗi. To amma jiya ta lallaɓo ta hau cinyata tana gurnani, sai na ji kamar zan ci amanarta. Kuma mage gwana ce wajen ɓoye ciwo, gurnanin ma wani lokaci na ciwo ne.

Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, wace alama ce ta sa kuka yanke? In ta daina cin abinci kwata-kwata, kwana nawa ya kamata in jira?