The Dropout da takarar Emmy: wane shiri za a kalla kafin 12 ga Satumban 2022?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyaye da yayye. An ba ni shawarar in kalli The Dropout, shirin da Hulu, dandalin kallon finafinai ta intanet, ta fara nunawa a watan Maris na 2022, wanda aka ce labarin wata Ba'amurkiya ce da ta damfari manyan attajirai da na'urar gwajin jini. Kashi takwas ne, kuma data ba ta da arha, don haka nake so waɗanda suka riga ni kallo su faɗa mini ko ya cancanci wahalar. Na kuma ji an ce yana cikin takarar Emmy, lambobin yabo na shirye-shiryen talabijin na Amurka da za a raba ranar 12 ga Satumban 2022.

Baba Akawu: Wa alaikumus salam, Auta. Ka kalla, amma ka fara sanin cewa ba ƙagaggen labari ba ne. Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana da shekara 19, ta bar karatu a jami'ar Stanford, ta yi alkawarin cewa da ɗigon jini kaɗan daga ɗan yatsa za a yi gwaje-gwaje sama da ɗari biyu. Zuwa 2014 an ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9, a 2018 kuma aka rufe shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na wanda ya tsufa a kan duba littattafan kuɗi, shi ne kwamitin daraktocinta. Akwai George Shultz da Henry Kissinger, dukansu tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka, akwai kuma Janar James Mattis, amma masana gwajin jini ba su ne suka cika kujerun ba. Duk mai kuɗin da ya zo sai ya dubi waɗannan sunaye ya ce ai waɗanda suka gabace shi sun bincika, su ma waɗancan haka suka zata game da na gabansu, har aka tara sama da dala miliyan 700 ba tare da wani ya dage sai an buɗe masa cikin na'urar ba.

Malamar Lab: Baba, ni abin da ya hana ni barci shi ne ɓangaren ɗakin gwaji, domin aikina ke nan. Gwaji da jinin ɗan yatsa ba sabon abu ba ne, kullum da shi muke duba zazzaɓin cizon sauro da sukari. Matsalar ita ce jinin da aka matso daga yatsa yana cuɗanya da ruwan tsoka, wasu ƙwayoyin jinin kuma suna fashewa, sannan ɗigon bai isa a raba shi ga gwaje-gwaje masu yawa ba. Da na'urarsu mai suna Edison ta gaza, sai suka riƙa sirka jinin don ya yi yawa, suna zuba shi a injinan kamfanin Siemens da suka saya, alhali ana gaya wa duniya cewa fasaharsu ce ke aikin. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar gwaji ya san cewa idan aka sirka jini fiye da ƙima, ƙaramin kuskure yakan zama babba a sakamako. Kuma wannan sakamakon mutane na gaske ne suka karɓa a shagunan magani na Walgreens a jihar Arizona. Shirin ya nuna yadda Erika Cheung, yarinya sabuwar kammala jami'a, ta ga ana share alƙaluman da ba su yi daidai ba, kuma na gane irin tsoron da ke fuskarta sarai.

Hajiya Babba: Ni ban gamsu da shirin kamar yadda kuka gamsu ba. Kashi biyu na farko sun ɓata lokaci wajen sa mu tausaya mata, ana nuna mana ƙuruciyarta da burinta da kaɗaicinta, har na fara tambayar kaina ko wanke ta ake so a yi. Marasa lafiyan da aka ba sakamakon ƙarya kuwa kusan ba mu san fuskarsu ba. Sannan ina jan hankalin masu iyali cewa akwai wuraren da ke tsakaninta da Sunny Balwani, saurayinta kuma mataimakinta a kamfanin, waɗanda ba za a kalla da yara a falo ba.

Baba Akawu: Hajiya, ƙorafinki yana da tushe, kuma abin mamaki shi ne kotu ma kusan haka ta yi. A ranar 3 ga Janairun 2022 aka same ta da laifi a tuhuma huɗu cikin goma sha ɗaya, kuma duka huɗun na damfarar masu zuba jari ne. An wanke ta a tuhume-tuhume huɗu da suka shafi marasa lafiya, sauran ukun kuma masu taimaka wa alƙali suka kasa cimma matsaya. Balwani ne aka kama da duka tuhuma goma sha biyu a watan Yuli, har da na marasa lafiyan.

Ɗan Fagge: Ku ba ni dama in koma kan tambayar Auta ta biyu. The Dropout ya samu gurbi shida a jerin 'yan takarar Emmy da aka fitar ranar 12 ga Yuli, kuma a ganina ɗaya ne kawai yake da ƙarfi, wato na Amanda Seyfried, wadda ta fito a Holmes, a rukunin jaruma. Duk wanda ya ga bidiyon Holmes ta gaskiya zai san irin aikin da ta yi: ƙaƙƙarfar muryar nan da ake zargin Holmes ƙirƙirar ta ta yi, idanun da ba sa ƙiftawa, da baƙar rigar nan mai rufe wuya irin ta Steve Jobs. Wurin da take tsaye gaban madubi tana gwada sauke muryarta, tana maimaita jimla ɗaya har ta zauna mata, shi kaɗai ya isa a ba ta lambar. Abokan takararta ba ƙanana ba ne, domin akwai Margaret Qualley ta shirin Maid, akwai Julia Garner ta Inventing Anna, wadda ita ma 'yar damfara ta fito. Sai dai Garner tana da wani gurbin a shirin Ozark, kuma ina zaton masu zaɓe a can za su saka mata. A rukunin shiri mafi kyau kuwa ban ba The Dropout fata ba, tun da The White Lotus ya zo da gurbi 20, Dopesick kuma 14.

Malamar Lab: Yaya, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma ni ma Seyfried na ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne barin Naveen Andrews a waje, mutumin da ya fito a Balwani har sai da na tsane shi. Haka ma Stephen Fry, wanda ya fito a Ian Gibbons, babban masanin kimiyyar kamfanin da ya kashe kansa a 2013 ana gab da kiransa ba da shaida. Bayan wannan kashin sai da na huta kwana biyu kafin in ci gaba.

Hajiya Babba: To idan ana neman shirin da ya tsaya a kan waɗanda aka cutar, Dopesick nake ba da shawara. Labarin kamfanin Purdue Pharma ne na iyalan Sackler, da yadda suka tallata maganin OxyContin ga likitoci da cewa ba kasafai yake kama jiki ba, har garuruwan masu haƙar kwal suka cika da 'yan ƙwaya. Michael Keaton ya fito a likitan ƙauye da ya rubuta wa mutanensa maganin da zuciya ɗaya, daga baya shi ma ya faɗa ciki. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa yaranmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Ɗan Fagge: Ni kuma tun da gidan finafinan Indiya muka tashi, ba zan bari a rufe maganar nan ban ambaci Scam 1992 ba. Kashi goma ne, SonyLIV ta fitar a 2020, a kan dillalin hannun jari Harshad Mehta na kasuwar Bombay. Shi kuɗin da bankuna ke ba juna rance ta hannunsa yake karkatarwa zuwa kasuwa, wani lokaci da takardun shaidar banki na bogi, har hannun jarin kamfanin siminti na ACC ya tashi daga kusan rupi 200 zuwa kusan 9,000. 'Yar jarida Sucheta Dalal ce ta fasa ƙwan a watan Afrilun 1992, da labarin rupi biliyan 5 da suka yi ɓatan dabo a State Bank of India. A wajen bayyana yadda damfara ke tafiya mataki-mataki ya fi The Dropout nesa ba kusa ba, kuma shi ba jiran tsammani yake ba, domin ya riga ya lashe shiri mafi kyau a lambobin Filmfare OTT na 2021, Pratik Gandhi kuma ya ɗauki na jarumi. Babu rawa da waƙa, ga mai tsammanin su.

Baba Akawu: Ka tuna mini da ɗan jaridar wancan labarin. John Carreyrou ne ya tona asirin Theranos a jaridar Wall Street Journal a watan Oktoban 2015, alhali mai jaridar, Rupert Murdoch, ya zuba dala miliyan 125 a kamfanin, kuma Holmes ta kai ƙara wurinsa amma ya ƙi hana a buga. Ɗaya daga cikin majiyoyin Carreyrou shi ne Tyler Shultz, jikan George Shultz na cikinsa, wanda kakan ya daɗe yana gaskata Holmes a kansa. Auta, idan ka kai wurin da jika da kaka suke fuskantar juna, ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Autan Zaure: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da The Dropout don in gama kafin 12 ga Satumba, sai Scam 1992 ya biyo baya. Yaya Ɗan Fagge, wanda ka kalla ɗin mai rubutun Turanci ne a ƙasa, ko masu fassara sun riga sun mayar da shi Hausa?