Maigidana zai koma Aliero, ya ce in zaɓa

An ɓoye suna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Agege ce, a Zango aka yanke mini cibiya, fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano. Shekarata 54. Maigidana mutumin Aliero ne a jihar Kebbi, dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Da ya zo neman aurena dako yake yi. Babana ya rantse ba zai ba wa mai kwana a kan buhu 'yarsa ba, sai da gwaggona ta tsaya tsayin daka. A ɗaki ɗaya muka fara zama a Ketu, ina soya waina a bakin kasuwa, in ya dawo da dare in jiƙa tsumma a ruwan zafi in gasa masa kafaɗu saboda ɗaukar kaya. Lokacin rikicin Mile 12 na 2016 da aka rufe kasuwa, albasarsa ta ruɓe a cikin mota, sarƙar gwal ɗina na sayar ya biya masu kaya. Ban taɓa yi masa gori ba.

Yanzu shekararsa 68, suga ta taɓa masa ido, ya miƙa wa yaronsa rumfa. Ya ce gida zai koma, yana son a binne shi kusa da iyayensa. Uwargida tana can. Ya ce in zan bi shi ga ɗaki, in ba zan iya ba zai sawwaƙe mini, ba don ƙi ba, don kada ya bar ni da igiya a wuya. Yana faɗa yana hawaye. Ba na iya barci. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman Sadiq: Allah sarki Anti. 'Ya'ya fa, me suka ce? Kuma gidan da kuke ciki naku ne ko haya?

Alhaji Ɗan Zango: Hajiya, wannan ba ta buƙatar shawara. Ki haɗa kayanki. Legas wurin nema ce, ba wurin tsufa ba. Na binne dattawa da yawa a garin nan, wasu har aka rufe su babu ɗan uwa ko ɗaya a kan kabari. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye ribar kayan gwari, matasa ma da aka hana su acaba a 2022 da yawa gida suka nufa, balle dattijo mai ciwo. Mutumin nan ya yi miki adalci da ya ba ki zaɓi. Inda miji yake nan ne garin mace.

Anti Larai: Alhaji, faɗa da baki ba wuya. Ni na bi nawa. Na sayar da injin markaɗena a Idi-Araba na tafi, bai shekara ba Allah ya karɓi abinsa. Ina fita takaba dangi suka fara tambayata yaushe zan koma. Tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, mu biyu muka raba, shi ma sai da muka je gaban alƙali. Na dawo Legas da jaka ɗaya, ɗakin da na bari an ba wani. Har yau ƙanensa bai kira ya tambayi marayun nan ba, ko da Sallah.

Mai tambaya: Anti Larai, Allah ya jiƙansa, amma danginsa ba haka suke ba, kuma ni ba maganar gado nake ba. Baba Alhaji, ba son Legas ne ya riƙe ni ba. Mahaifiyata tana kwance, ta haura tamanin, ni nake juya ta in yi mata wanka.

Alhaji Ɗan Zango: To ai ba ki faɗa ba tun farko. Duk da haka maganata tana nan. Ba ki da 'yan uwa ne? Ko ki tafi da ita.

Direban Tirela: A kwantar da tsohuwa a mota daga nan zuwa Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri har Jega? Alhaji ka san hanyar nan kuwa? Mu da muke da lafiya bayanmu ya gama lalacewa a kanta, ga masu tare hanya da sanda kowane ɗan taƙi sai ka miƙa.

Malama Ummu Hafsa: Yaya, akwai hanya ta uku. Uwar muminai Sauda 'yar Zam'a da girma ya zo mata, ta bar wa Nana A'isha kwananta don ta ci gaba da zama matar Annabi (SAW). Ki duba Suratun Nisa'i, aya ta 128, sulhu alheri ne. Ki yafe kwananki, aure yana nan, ki riƙa zuwa in kin samu mai zama da Inna.

Mai tambaya: Malama, na kawo masa wannan. Ya ce auren waya ba aure ba ne, Allah zai tambaye shi haƙƙina. Ni ma zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ni na san yawan gishirin da ake sa masa, ni nake ɗiga masa maganin ido, in sugarsa ta faɗi daga muryarsa nake ganewa. Wa zai kula da wannan a can?

Alhaji Ɗan Zango: Kin ga ke da bakinki kin ba kanki amsa. Ki bi shi.

Anti Larai: Ta bi shi ta bar uwarta ga wa? Uwa sau uku aka ambata kafin uba, balle miji.

Alhaji Ɗan Zango: Wannan hadisin ba a nan ake kawo shi ba, Hajiya. Ki tambayi malamai.

Maman Sadiq: Anti, har yanzu ba ki ce komai a kan gidan da yaran ba.

Mai tambaya: Yara sun rabu biyu, ba na son shiga wannan. Ba wanda ya san mutumin nan kamar ni, ba zai iya rubuta takardar ba. Amma jiya na ga ya aika an sayo masa manyan jakunkuna, kuma ya yi magana da direban da zai koma Kebbi bayan sauke albasa.