Ƙafar hagu za ta iya zama ma'aunin ta dama a binciken sabunta ƙashin kare?

Ɗalibi_Samaru: Salamu alaikum malamai. Idan aka yi wa kare tiyata a ƙashin ƙwaurin dama, ya halatta a ɗauki na hagu a matsayin ma'auni wajen auna yadda ƙashi ke sabunta kansa?

Dakta_Tudunwada: Wa'alaikumus salam. Ya halatta, kuma yana rage yawan karnukan da za a yi amfani da su, tunda shekaru, abinci da jinsi duk ɗaya ne a ƙafafun biyu. Amma a kare mai lafiya ne hagu da dama ke tafiya kusan daidai. Da ya fara ɗingishi, nauyi ya koma kan mai lafiyar, ita ma ƙashinta ya canja aiki. Ƙafar da aka yi wa tiyatar kuwa, rauni kaɗai na hanzarta sabuntawa a kewayen wurin, abin da Harold Frost, likitan ƙashi, ya bayyana. Kada kuma ka gwama ta gaba da ta baya: na gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare.

Malama_Kongo: Ɗalibi, wurin da za a yanko ƙashin da za a auna ne ke kayar da mutane. Auna tsawon ƙashin, ka yanki tsakiyarsa daidai a ɓangarorin biyu, don kusa da gaɓa ya fi tsakiya saurin sabuntawa. Ana yi wa karen allurar alama mai ƙyalli, kalsiyin (calcein, wani koren rini) ko maganin tetrasaikilin, sau biyu kafin a yanko ƙashin, da tazarar kwana 10 zuwa 14. Alamar na maƙalewa inda sabon ƙashi ke taurara. A madubin ƙara girman ƙananan abubuwa (maikuroskop) za ka ga layi biyu; raba tazararsu da adadin kwanakin, ka samu saurin ginin kullum. Ajiye ƙashin a etanol mai ƙarfin kashi 70, a cikin duhu. Kada ka narkar da ma'adinansa da asid don ya yanku da sauƙi, alamar za ta tafi tare da shi.

Dakta_Tudunwada: Ƙari kan na Malama: a nan Zariya tambayi mai kare ko an taɓa yi masa allurar oksitetrasaikilin, wani nau'in tetrasaikilin, don ana yawan yin ta. Tsohuwar allura na barin layinta, ta rikita lissafi. Shi ya sa kalsiyin ya fi, korensa ya bambanta da ruwan ɗorawar tetrasaikilin. Ɗauki karnukan da suka wuce shekara 1, manyan iri kuwa wata 18. Lissafin kuma a yi shi bibbiyu, kowane kare hagunsa da damansa, kada a ƙirga ƙafa 20 a ce dabba 20 ne.