Bindigar kakan Baba da muka tsinta a silin

Baban Khalifa, Gangare: Salam jama'ar zaure. Jiya muna canza kwanon tsohon gidanmu sai ga bindiga a naɗe cikin buhu a saman silin, Baba ya ce ta kakansa ce, shi kansa rabonsa da ita tun yana yaro. Ba adaka ba ce irin ta maharba da ake ɗurawa ta baki, wannan akwai wani hannun ƙarfe a bayan kunamar, in ka danna shi ƙasa sai gindin ya buɗe. A gefe akwai hoton kambi da V.R. da ENFIELD 1875. So nake in kankare tsatsar in ga ko tana tashi, me kuka gani?

Sajan mai ritaya: Ɗana, Martini-Henry ce a hannunka. Sojan Ingila sun fara riƙe ta a 1871, harsashi ɗaya take ci, ka harba ka buɗe ka sake sawa. Da ita suka shiga yaƙin Zulu a kudancin Afirka a 1879, har aka yi musu kisan kiyashi a Isandlwana duk da ita. Amma maganar tashi ka bar ta tukuna, ƙarfen da ya yi shekara 150, ya kuma sha damina da sanyin Jos, ba a gwada shi da fuska.

Sadi Bukuru: Kai Baban Khalifa ka taki sa'a wlh. Ni ina yawan kallon turawan da ke harba irinta a YouTube, su da kansu suke haɗa harsashin don ba kasafai ake samunsa a shago ba, dalmar kawai ta kai wajen giram 31 kuma a naɗe take da takarda, in suka harba hayaƙi ya turnuƙe kamar an kunna bola, sannan su wanke bututun da ruwan zafi a ranar saboda tokar albarushi tana jawo laima ta ci ƙarfe. Ka nemi maƙeri ya haɗa maka mana.

Sajan mai ritaya: Sadi kar ka jefa shi a rami. Waɗancan suna da lasisi da filin harbi da ƙwararren da ya auna musu bututun. Kuma babban haɗarin shi ne wani ya sa mata albarushin zamani mara hayaƙi, wanda Faransa ta fara fitarwa a bindigar Lebel a 1886. Ƙarfinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, tsohon ƙarfe fashewa yake a hannun mutum.

Anti Lauya: Ƙanina, ni ba tsatsa ce ta dame ni ba. Dokar makamai ta 1959 ko adaka sai da lasisin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, balle wadda ake sa wa harsashi ta gindi. Haɗa harsashi ko gyaran bindiga ba da izini ba shi ma laifi ne. Kuma Jos muke fa, ka sa ta a but ɗin mota a tare ka a shingen Farin Gada, wa zai tsaya sauraron labarin kakan Baba? Kar ta fita daga gida, ka samu lauya ku rubuta wa 'yan sanda tukuna.

Malamin tarihi: Duba min harafin N na ENFIELD ɗin, a miƙe yake ko a juye? Maƙeran Khyber da ke iyakar Pakistan da Afganistan sun yi jabunta da yawa, a wasu N ɗin a birkice take, wasu kuma su buga V.R., wato tambarin Sarauniya Victoria, da shekarar da ta wuce 1901 alhali ita ta mutu a 1901 ɗin.

Baban Khalifa, Gangare: A miƙe yake Malam, na haska da tocilan waya. Amma kotar ta tsage, an ɗaure ta da jan kirgi.

Malamin tarihi: To kar ka kwance kirgin nan, aikin hannun mutanen gidanku ne. Kuma samun irinta a hannun baƙar fata ba ƙaramin abu ba ne, don yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, aka bar mu da masu ƙyastu. Ka zaunar da Baba ka ɗauki muryarsa, ina kakan ya samo ta, soja ya yi ko dogari ko fatauci. San-fefa da man goge ƙarfe kuwa ka nisance su, tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki ya isa, kuma ka cire ta daga buhun don yana riƙe laima. In an gama da 'yan sanda ka leƙa gidan tarihi na nan Jos da ke kusa da gidan zu, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka nuna musu hotuna su ba ka shawarar adanawa.

Sadi Bukuru: Shikenan an hana mu jin ƙara. Sai dai mu jira hawan sallah a Kano mu sha hayaƙin 'yan bindiga.

Baban Khalifa, Gangare: Na gode ƙwarai. Anti zan kira ki bayan la'asar. San-fefar da na aiki Khalifa ya sayo a Taminus kuma ta koma kan ƙofar shago.