Neman shawara: saƙon virus ya addabi kwamfutata

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar tebur gare ni mai Windows 10, ni da yara muke amfani da ita. Sati biyu ke nan saƙo ke ta fitowa a ƙasan allo ta dama, wai an gano virus, in danna in sabunta kariya. Ban danna ba tukuna. Na sa antivirus har biyu, abin bai daina ba, sai ma nauyi da ta ƙara. In kai a yi mata format ne?

Abu Yusra:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka danna, kuma format bai taso ba. Duba saƙon da kyau, za ka ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi a jikinsa da ƙananan baƙaƙe. In haka ne, ba virus ba ne. Wani ne a gidan ya shiga shafin sauke wasa ko fim, aka ce ya danna Allow, ya danna, shi ke nan shafin ya samu izinin turo sanarwa. Masu shafin so suke ka tsorata ka danna, a nan ne ainihin cutar za ta shigo. A Chrome shiga Settings, Privacy and security, Site settings, sai Notifications. Duk shafin da ba ka san shi ba a jerin waɗanda aka ba izini, toshe shi. Ka leƙa Extensions ma, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, ka cire baƙi.

Maman Ilham:
Yaya, ni antivirus biyun nan ne suka tsaya min a rai. Kishiyoyi ne, kowane yana binciken ɗan'uwansa, kwamfuta ke shan wahala. Cire su duka, Microsoft Defender, antivirus ɗin da ya zo da Windows, zai koma aiki da kansa. Sannan danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Startup, ka kashe manhajojin da ke tashi da kwamfuta ba gaira ba dalili.

Abu Yusra:
Haka ne, Hajiya. Kuma yaran, ka buɗe musu asusu daban, Standard, naka ya zama na Administrator da kalmar sirri. Ba za su iya girka yawancin manhajoji ba sai da izininka. In za ka tashi, maɓallin Windows da L, ta kulle.

Baban Sadiq:
Abin da ba a faɗa ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Gwada manhajar PC Health Check ka ga ko injinka zai ɗauki Windows 11, don Windows 11 tana buƙatar wani sashen tsaro a jikin injin da ake kira TPM 2.0.

Baban Khadija:
Na duba, shafuka huɗu na tarar, na toshe su, shiru kake ji. Babban yarona ya amsa laifinsa. Allah Ya saka da alheri. Malam Abu Yusra, ta ina ake buɗe asusun yaran?