Tambaya kan tsohon cocin ginin ƙasa na Wusasa, Zariya

Ɗan Samaru:
Salam jama'a, dan Allah wa ya san tarihin tsohon cocin nan na Wusasa, St. Bartholomew? Nakan bi ta wajen in zan je asibitin St. Luke, kuma wallahi in ba don gicciye ba sai ka ce soron wani basarake ne a cikin birni. Turawa ne suka gina shi haka ko kuwa mutanenmu? Kuma me ya sa suka baro cikin birnin Zariya suka zo nan?

Jikar Wusasa:
Sannu ɗan'uwa, ka zo gida, mu nan aka yi mana baftisma har iyayenmu. Cocin na 'yan mishan ɗin CMS ne, wato ƙungiyar mishan ta ɗarikar Angilika. Likita Mila, Dr. Walter Miller, shi ya fara zama a cikin birnin Zariya tun 1905, yana da ɗakin magani da makarantar yara maza, to amma zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa fada daɗi ba kuma su kansu Turawan mulki ba sa so, an daɗe ana ja-in-ja har dai a 1929 aka tashi aka koma bayan ganuwa, gindin dutsen Wusasa. Wanda ya jagoranci ƙaurar da ginin shi ne Rabaran Guy Bullen, daga baya aka yi masa bishof aka tura shi Sudan, can ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Wasu daga cikin masu bi na farko kuma asalinsu Isawa ne, wato wata ƙungiyar Hausawa masu girmama Annabi Isa tun kafin zuwan mishan, waɗanda aka fara zaunar da su a garin Gimi kafin ciwon barci ya watsa garin.

Magini_Zazzau:
Ni Musulmi ne amma gini sana'ata ce, na shiga na gani da idona, kuma ina gaya maka wannan hannun maginan Hausa ne, Bature bai iya wannan ba. Tubalin ƙasa ne aka jera aka yaɓe, bangon kauri gare shi sosai shi ya sa ko a watan bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka ba fanka ba komai. Abin da ya fi burge ni baka ɗin nan na ciki, irin wanda muke cewa bakan gizo, ana kafa azara ne daga bango ana ɗan turo ta gaba gaba, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su ɗauki rufin. Azara kuwa itacen giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba. In ka taɓa shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, to ilimin ɗaya ne, can dai ya fi girma da ƙawa nesa ba kusa ba.

Damuwata ɗaya ce, ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara kafin damina, a duba indararo a toshe tsaga a sake yaɓe, kuma masu wannan aikin sun ƙare sai ɗaiɗaiku, yaranmu duk bulo suka koya. Wasu in ka ba su gyara sai su shafe shi da siminti, shi kuma siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi, damshi ya taru a ciki wata rana ka ga ɓari guda ya zube.

Malamin Tarihi:
Kar a manta makarantar da ke jikinsa. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne a wurin, kuma a makarantar St. Bartholomew ya yi firamare. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ma ya bi ta nan, haka Dokta R.A.B. Dikko ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ma Likita Mila ne ya ja gaban fassararsa.

Ɗan Samaru:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba Magini maganar simintin nan ta tsaya min a rai. Yaya Jikar Wusasa, ana barin baƙo ya shiga ya duba ciki kuwa?

Jikar Wusasa:
Sosai ma, ka dai fara neman izini wurin limamin ko dattawan ikilisiya, kuma ka guji safiyar Lahadi lokacin sujada in kallon gini kawai za ka yi. Ka zo da Baba Magini in zai samu dama, ni kaina ina son ya nuna mana inda ya kamata a fara gyara.